Daga Ƙofar Fada Zuwa Kujerar Hira: Tarihin Darajar Mai Ban Dariya a Idon Sakkwatawa

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A 'yan shekarun nan wani irin shiri ya sami karɓuwa a gidajen talabijin na Hausa, wato shirin da ake gayyato tsohon ɗan wasa, musamman wanda ya yi suna a fagen barkwanci, a zaunar da shi a kujera, a yi ta yi masa tambayoyi a kan rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar mai shayi a Mabera ko Runjin Sambo a daren da aka nuna irin wannan hira ya san yadda take kama mutane. Dattawa kan yi tsit suna gyaɗa kai, matasa su riƙa tambayar wane ne wannan, washegari kuma zancen ya bi mutane har kasuwa. Mutumin da aka saba yi wa dariya, yau shi ake saurare cikin natsuwa, ana sa masa albarka.

Wannan baƙon abu ne a tarihinmu. Mai ban dariya ya daɗe a ƙasar Hausa, amma bai daɗe da samun kujera ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda matsayinsa ya sauya, tun daga ɗan kama na bakin kasuwa har zuwa dattijon da ake hira da shi a talabijin, tana mai tsayawa a birnin Sakkwato, inda raha ta fi ko'ina fuskantar tambayoyin malamai. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, yabon da masu kallo ke yi wa tsohon ɗan barkwanci a yau biyan wani tsohon bashi ne, kuma har yanzu da saura.

Mai Ban Dariya Kafin Zuwan Akwati

Tun kafin Turawa su zo, al'ummar Hausawa tana da mutanen da ban dariya ita ce sana'arsu. Akwai wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi a gaban sarki abin da bafade ba zai iya faɗi ba, domin ana ɗaukar maganarsa a matsayin wauta, alhali sau da yawa gaskiya ce ya naɗe cikin wasa. Akwai 'yan kama, waɗanda kan ɗauki karin karatun malamai ko muryar wani shahararren mawaƙi, su juya shi a kan tuwo da fura da nama, har jama'a su riƙe ciki. Wani Bature mai suna Gidley ya wallafa nazari a kan sana'ar 'yan kamanci a 1967. Akwai kuma 'yan gambara, masu yawo kasuwa-kasuwa da habaici da zambo, waɗanda mutane kan yi musu kyauta wani lokaci don jin daɗi, wani lokaci don tsoron bakinsu.

Bayan masu sana'a, al'ada ta ware wa kowa wurin da zai yi raha ba tare da an ga laifinsa ba. Taubasai suna wasa, jika yana wasa da kaka. Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, haka Bagobiri da Bayarabe, haka Bakano da Bazazzagi. In watan azumi ya kai kwana goma yara kan fito tashe, su kwaikwayi mai gida da malami da ɗan kasuwa, manya na kallo suna ba su sadaka. Saboda haka wasan kwaikwayo na ban dariya ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe.

Sai dai jin daɗin abu daban, girmama mai yinsa daban. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa a tsarin darajar sana'o'in Hausawa sarakuna da malamai da attajirai ne a sama, maroƙa da makaɗa kuwa suna can ƙasa. Mai ban dariya cikin maroƙa ake lissafa shi. Abin da ake ba shi kyauta ce, ba lada ba, kuma mai kyauta ne ke yanke yawanta. Yana iya sa dandali duka ya tuntsire da dariya da rana, da dare ya nemi aure a gidan da suka fi kowa dariya a hana shi. Babbar shaidar wannan matsayi ita ce shirun tarihi. Muna da jerin sunayen sarakuna da na malamai na ɗaruruwan shekaru, amma da wuya a sami wanda zai ambaci sunan ɗan kama ɗaya da ya rayu a ƙarni na goma sha tara. Ba wanda ya ga dalilin tambayarsa labarinsa.

Birnin Shehu da Iyakar Raha

A Sakkwato al'amarin ya ƙara nauyi saboda asalin garin. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya rasu a cikinsa a 1817. Gari ne da aka gina a kan wa'azi da rubutu, kuma daga cikin abubuwan da malaman jihadi suka soka akwai shagulgulan da ke cakuɗa maza da mata da kaɗe-kaɗen da ke shagaltar da mutane daga ibada. Duk da haka malamai ba su haramta raha ba, domin sun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Sun kuma san hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙirƙirar ƙarya don ya ba mutane dariya. Tsakanin waɗannan biyu aka ja wa raha iyaka: kada ta zama ƙarya, kada ta zama batsa, kada ta ci mutuncin wani.

Mai ban dariya a ƙasar Sakkwato ya rayu ne a gefen wannan iyaka. Ban dariyar da ta fi samun shiga fada ita ce wadda ta ɓuya cikin waƙa. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, sun ƙware wajen zambo, inda sukan siffanta abokin hamayyar ubangidansu da siffar da za ta sa fadawa su sunkuyar da kai suna murmushi. Su an riƙe sunayensu, domin suna jingine da sarauta. Wanda ba shi da ganga, ba shi da ubangida, sai bakinsa kawai, shi ne tarihi ya tsallake.

Da ilimin boko ya shigo bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai wata ƙofa ta buɗe. Makarantu suka fara amfani da wasan kwaikwayo wajen koyarwa. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗan ƙasar Sakkwato, wanda ya yi amfani da wasa don jan hankalin jama'a ga tsafta da kiwon lafiya. Daga irin wannan aiki ne wata kalma ta sami gindin zama, wato faɗakarwa. Ita ce ta zama takardar izinin ɗan wasa. In an tambaye shi me ya sa yake wannan abin kunya, sai ya ce faɗakarwa yake yi. Har gobe, da wuya a yi hira da ɗan wasan Hausa bai ambaci wannan kalma ba, kuma mai sauraro a Sakkwato ya fi kowa sanin dalilin da ya sa ake bukatarta.

Rediyo da Talabijin Sun Canza Lissafi

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan a 1959. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma, kuma a tsakiyar shekarun 1970, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, garin ya sami tashar talabijin tasa. Da aka kafa hukumar NTA a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashinta, Sakkwato ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyinta na shiyya. A Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV a farkon shekarun 1980.

Waɗannan tashoshi suna bukatar abin da za su cika sa'o'insu da shi, kuma ba abin da ya kai wasan kwaikwayo na ban dariya jan jama'a. A wancan zamani ba a buɗe tasha sai da yamma, a rufe kafin dare ya raba. Akwatin talabijin kuwa ba kowane gida ke da shi ba. Mai hali yakan fito da nasa ƙofar gida ko tsakar gida, yaran unguwa su zauna a ƙasa, manya a kan benci, mata daga bayan labule ko bakin zaure. Gwamnatoci sun kuma kafa wuraren kallo na jama'a a garuruwa da ƙauyuka. Ke nan kallon wasa taro ne, kuma dariyar da aka yi tare ta fi daɗewa a zuciya. Tashar Sakkwato ta shirya nata wasanni da 'yan wasan gida, cikin harshen gida, kuma wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Idon Matambayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Basakkwace, wanda ya saba jin ana kwaikwayon karin harshensa a wasannin wasu garuruwa don a yi dariya. A tasharsa, Sakkwatanci shi ne harshen mai hankali da na wawa baki ɗaya.

Babban canjin da akwati ya kawo shi ne na matsayi. Ɗan wasan talabijin ba ya bin kowa da roƙo. Da yawansu ma'aikata ne, wasu na gidan rediyon ko talabijin ɗin, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan gwamnati da kan zo wasa bayan an tashi daga aiki. Mai ban dariya ya tashi daga maroƙi ya zama ma'aikaci, yana shiga gidan sarki da na malami ta cikin akwati ba tare da ya tsaya a zaure yana jiran izini ba.

Samanja da Tsararsa

Ba wanda ya fi nuna wannan canji kamar Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama. An haife shi a 1942 a Pategi, ƙasar Nupe, cikin Jihar Kwara ta yanzu, kuma ɗan gidan sarautar garin ne. Soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Ɗan sarki ya zaɓi sana'ar da a dā ta bayin fada ce da maroƙa, wannan kaɗai ya isa ya girgiza tsohon lissafi.

Don a gane tasirin Samanja dole a tuna da zamaninsa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kusan mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Soja ne ke mulki daga 1966 zuwa 1979, suka kuma dawo a ƙarshen 1983. Farar hula yana ganin kaki a hanya, a kasuwa, a tashar mota, kuma tsoro ne ke tsakaninsu. Sai ga wani soja a akwati, mai gashin baki da tsawa, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, yana ba da umarni ana yi masa gardama a cikin gidansa. Mutumin da ba zai iya ɗaga ido ya dubi mai gadin Barikin Giginya ba, ya sami damar ya yi wa Samanja dariya har da hawaye. Sojan kansa yana kallo yana dariya. Aikin da wawan sarki ke yi a fada, shi Samanja ya yi wa ƙasa baki ɗaya: ya rage wa mai ƙarfi kwarjini ba tare da ya ci mutuncinsa ba.

Tsararsa ma sun bar tarihi. Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, ya yi suna a wasan Karambana, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam, ya kuma shiga gidajen 'yan Nijeriya na kudu da arewa ta wasan Turanci na Cock Crow at Dawn. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya haɗa wasa da rubutu, domin shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna. Daga Jos kuma Abdullahi Shu'aibu ya fito da Karkuzu na Bodara. Wani abin lura shi ne, sunan wasa ya cinye sunan yanka. Miliyoyin mutane sun san Samanja da Karkuzu, amma kaɗan ne suka san Usman da Abdullahi. An san fuskar, an san muryar, mutumin kuwa yana ɓoye a bayansu.

Zamanin Kaset

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Cikin 'yan shekaru kasuwar kaset ta ƙwace 'yan kallo daga tashoshin gwamnati, waɗanda kuɗin shirya wasa ya riga ya yi musu ƙaranci. Sarkin barkwancin wannan zamani shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda aka haifa a Ɗanlasan ta Jihar Kano a 1971, ya kuma yi aikin gidan yari kafin ya koma wasa. Ibro ya dawo da salon 'yan kama cikin sabuwar riga, domin yakan ɗauki waƙar da ake yayi ya juya ta, ya fito yau a boka, gobe a direba, jibi a ɗan siyasa.

Rayuwarsa ta nuna cewa tsohuwar iyakar nan ba ta gushe ba. A 2008, lokacin da ake takun saƙa tsakanin 'yan fim da hukumar tace finafinai, wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, bai kai shekara arba'in da huɗu ba. Jama'ar da ta yi jimaminsa ba ta sami damar ganinsa da furfura yana ba da labarin kansa ba. Su kuwa tsofaffin 'yan wasan talabijin, kasuwar kaset ta mayar da mafi yawansu masu fitowa a uba ko kaka na 'yan mintoci, wasu kuma suka koma gida aka daina jin ɗuriyarsu.

Kujerar Hira

A wannan yanayi ne shirin hira ya bunƙasa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da shirye-shirye irin su Kundin Kannywood. Sashen Hausa na BBC ya fito da Daga Bakin Mai Ita. 'Yar wasa Hadiza Gabon ta buɗe nata zauren tattaunawa. Tauraron ɗan Adam da wayar hannu sun sa duk wannan yana isa Sakkwato a rana ɗaya da Kano da Maraɗi. Tambaya ita ce, me masu kallo ke gani a hirar dattijo da har take taɓa su haka?

Na farko, suna. Kusan kowace hira da tambayar suna da asali take farawa. A nan ne mai kallo ke jin sunan yanka na mutumin da ya sani shekara talatin ko arba'in, ya ji garinsu, ya ji cewa ya yi karatun allo, ya yi aure, ya binne iyaye. Abin da ba a taɓa yi wa ɗan kama ba ke nan. Tambayar mutum asalinsa a bainar jama'a shigar da shi ne cikin sahun waɗanda ke da tarihi.

Na biyu, gane cewa wautar nan gwaninta ce. Yawancin wasannin talabijin na dā ba a rubuta maganganunsu kalma-kalma, sai dai a tsara labari a faɗa wa kowa rawar da zai taka, sauran kuma ya rage wa kaifin basirarsa. Idan mai kallo ya ga dattijo zaune cikin babbar riga yana magana a tsanake, sa'an nan mai tambaya ya tsokane shi, ya mayar da amsa nan take cikin tsohuwar muryar nan, sai ya tabbata cewa wawan da ya sani ƙirƙira ce ta mai hankali. Yabon gwani ya zama dole.

Na uku, mai kallo kansa yake tunawa. Fuskar dattijon tana dawo masa da tsakar gidan da ya zauna a ƙasa yana yaro, da maƙwabcin da ya fito da akwati, da iyayen da suka yi dariya tare da shi waɗanda yanzu suna ƙasa. Shi ya sa dariyar irin wannan dare takan zo da ƙwalla.

Na huɗu ya fi shafar Sakkwato. Sau da yawa dattijon kan rufe hirarsa da godiya ga Allah da neman gafarar duk wanda ya ɓata wa rai, masu kallo kuma su amsa da addu'ar Allah ya sa a gama lafiya. A garin da aka daɗe ana tambayar halaccin sana'ar, wannan musayar addu'a sulhu ce. Jama'a na shaida cewa mutumin nan ya yi wasa bai fita daga mutunci ba.

Ba mu kaɗai ke yin irin wannan sulhu a makare ba. Charlie Chaplin, wanda ya ba duniya dariya tun zamanin fim marar magana, an hana shi komawa Amurka a 1952 saboda zargin siyasa. Sai a 1972, yana da shekara 82, aka gayyato shi aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar, mahalarta suka miƙe suna tafi na kusan minti goma sha biyu. Tafin nan yabo ne, neman afuwa ne kuma.

Bashin da Hira ta Tono

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kujerar da ta ɗaga darajar tsohon ɗan wasa ita ce kuma ta fallasa halin da yake ciki. A watan Fabrairu na 2022, Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin talabijin, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa akwai finafinan da abin da ake ba ta bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Maganar ta tayar da ƙura a masana'antar, wasu suka musanta, wasu suka gaskata, jama'a kuma suka kai mata taimako. Karkuzu ma, bayan ya tsufa ya rasa ganinsa, ta hanyar hira aka san yana cikin matsalar muhalli, har ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida. A ƙasar Yarbawa, Moses Olaiya, wato Baba Sala, ya sha irin wannan ɗaci tun da masu satar fasaha suka kwafi fim ɗinsa Orun Mooru na 1982 suka bar shi da bashi.

Alheri danƙo ne, kuma waɗanda suka taimaka sun cancanci godiya. Amma mai nazarin tarihi dole ya lura da abin da ke faruwa. Mutumin da talabijin ta fitar daga roƙo tana ƙuruciyarsa, ita ce ta mayar da shi ga jiran kyauta da tsufansa. Dalili kuwa a fili yake: an biya shi sau ɗaya, a ranar da ya yi wasa, ba a kuma tsara masa wani kaso daga maimaita aikinsa ba. In yabon masu kallo ya tsaya a tausayi da sadaka, to, an koma gidan jiya, an sake mayar da lada kyauta.

Akwai bashi na biyu da ya fi wannan wuyar biya. Kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada a wancan zamani, saboda haka tashoshi kan shafe tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Ko BBC ta yi haka a shekarun 1960 da 1970, ta yi asarar shirye-shirye masu yawa. A wurinmu an ƙara da zafi da ƙura da lalacewar na'urorin da ke iya karanta tsofaffin kaset. Sakamakon haka, abin da ya rage na wasannin shekarun 1970 da 1980 ɗan kaɗan ne. Ga wasanni da yawa, ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi su ita ce kaɗai ma'ajiyar da ta saura, su kuwa suna ta tafiya. Ƙasimu Yero ya rasu a Satumba 2017, Samanja a Nuwamba 2023, Karkuzu a 2025.

Wannan ya ɗora wa mai yin hira nauyin da sau da yawa bai san yana ɗauke da shi ba. In ya ɓata sa'arsa wajen neman abin da zai sa dattijo kuka, ko tono tsohuwar rigima, ya yi asarar damar da ba za ta dawo ba. Tambayoyin da tarihi ke bukata su ne: wa ya ƙirƙiro wasan, a wace shekara, su wa aka fara da su, yaya ake tsara labari, nawa ake biya, wane shiri ne hukuma ta hana, daga wurin wa ya koyi wannan murya. Masu kallo ma suna da hannu, domin abin da suka nuna suna so shi ake kawo musu.

Kammalawa

Tarihin da aka bi a wannan maƙala ya nuna matakai huɗu. Da farko mai ban dariya maroƙi ne da ake jin daɗinsa ba a tambayar sunansa. Makaranta ta ba shi hujjar faɗakarwa. Rediyo da talabijin suka mayar da shi ma'aikaci sananne, amma a ɓoye cikin sunan wasa. Shirin hira ne ya zaunar da shi ya yi magana da bakinsa, kuma natsuwar da masu kallo ke yi masa shaida ce cewa al'umma ta sauya hukuncinta a kansa.

Abin da ya rage aiki ne, kuma Sakkwato ta fi kowane gari cancantar fara shi, domin gari ne da ya san darajar ajiye labarin mutane. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara labaran Shehu a Raudul Jinani daga abin da ya gani da abin da ya ji, Waziri Junaidu kuma ya ci gaba da wannan gado har aka sa wa gidan tarihin jihar sunansa. Da wannan gida, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai sashen harsunan Nijeriya da cibiyar nazarin Hausa, da tashar NTA Sakkwato, da gidan rediyo da talabijin na Rima, akwai isassun hannuwan da za su nemo sauran 'yan wasan Idon Matambayi da tsararsu, a yi doguwar hira da kowannensu, a rubuta, a adana, a kuma juye ragowar tsofaffin kaset zuwa na'urorin zamani kafin su ƙarasa lalacewa. Ya kamata kuma duk tashar da ta maimaita tsohon wasa ta ware wa waɗanda suka yi shi, ko magadansu, haƙƙinsu. Ɗan kama na zamanin Sarkin Musulmi Bello ya tafi da sunansa, ba yadda za a yi a dawo da shi. Waɗanda suka ba iyayenmu dariya ta cikin akwati kuwa, wasunsu suna nan da rai a unguwanninmu, kuma in an je da tambaya za su amsa.